Ƙofar Gidan Gaba

Litinin, bayan magariba

Yau sun tare ni a shingen fita gari, hanyar Dukku. Yaron da ya karɓi takarduna ko gemu bai gama fito masa ba. Ya juya su, ya sake juyawa, ya ce takardar lafiyar mota ta mutu tun kafin azumi. Na ce masa Fijon nan ta fi shi lafiya, ta kuma girme shi. Ya ce, "Baba, furfurarka ce ta cece ka yau. Kai ta a duba. In muka sake haɗuwa a haka, a nan za ta kwana."

Na juyo. Ba mu kai wurin shanu ba.

Muna shigowa unguwarmu, Kagarawal, Adda ta fara bugun gilashi da tafin hannu. Ta ƙi tuwo. Har yanzu tana tsaye a zaure da mayafi a ka, wai rana ta faɗi ba a yi tatsa ba.

Matata ba ta da komai. Kewar daji ce. A ruga aka haife ta, ni na ɗauko ta na kawo ta cikin bulo da kwano. In na fita da ita bayan la'asar ta ga garke yana komawa gida, ta kira su da sunayen shanun ubanta, shi ke nan, sai ta ci abinci ta kwanta. In ban fita da ita ba, to, kamar yau.

Talata, hantsi

'Yarmu Fauziyya ta zo daga Pantami da kayan aikinta na asibiti a jiki. Ko zama ba ta yi ba. Wani ya riga ya kai mata labari, kuma na san ko wane ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Ta ce, "Baba, in fitar nan ta tsaya, Dada ba za ta zaunu a gidan nan ba, kai ma ka sani. Na gyara mata ɗaki a wurina. Akwai ƙofar ƙarfe."

Ƙofar ƙarfe. Uwar da ta goye ta.

Na ce za a duba mota, za a ba ni takarda, magana ta ƙare. Ta kira yayanta Zaharadeen a waya suka koma Turanci a tsakar gidana don kada in ji. Na ji sunana dai, ya fito sau da yawa.

Laraba, bayan azahar

Na kai motar garejin Friday a Barunde. Tun yana yaron gareji yake taɓa ta, yanzu shi ma kansa ya fara fari. Ya gwada birki, ya gwada fitilu da sigina da hon, ya canza robar waifa. Ya ce, "Tsohuwa tana nan da ranta, Baba Bamanga. Ta fi matasa da yawa."

Na tambaye shi kamar ba komai ba, ko lalacewar makullin ƙofa yana hana mota cin jarrabawa.

"Wace ƙofa?"

"Ta gidan gaba. Tana buɗuwa ta waje. Ta ciki ne kawai."

Ya sa sukudireba ya ɓalle murfin ƙofar, ya leƙa, ya daɗe yana leƙe. Ya ce, "Baba, wannan ai ba lalacewa ba ce. Ƙarfen da ke jan makulli ne babu. Kuma wanda ya cire shi ya iya aiki, ko ƙwarzane bai bari ba."

Na ce masa ba tarihin ƙofa na tambaye shi ba.

Ya mayar da murfin. Ya ce shi dai abin da ya sani, wani mai dubawar yana taɓa ƙofa, wani ba ya taɓawa, amma a ƙa'ida ƙofa ta buɗu ciki da waje. Ya ce in ina so yanzu ya lanƙwasa wani ƙarfen ya sa. Na ce ya bar min ƙofata yadda ya gan ta.

Ƙarfen yana ƙarƙashin katifata tun ranar da Adda ta buɗe ƙofa ta faɗo a shataletalen nan. Ba zan rubuta ranar ba. Allah ya sa mai Napep ɗin da ke bayanmu yana da birki. Gwiwarta ta warke, tabon ma ya kusa ɓacewa.

Alhamis, bayan la'asar

Ba mu fita ba. Ta kwashe kwanuka duka ta jera a tsakar gida tana jiran madara.

Juma'a, bayan an sauko

Na bi ta tasha wurin tsofaffin abokan aiki. Hudu, wanda muka yi layin Bajoga tare, ya rantse ba wanda ke duba ƙofa. Wai birki, taya, fitila, tukunyar kashe gobara, a buga hatimi. Wani ya ce ƙarya ne, an dawo da ɗan'uwansa saboda ƙofar but. Suka kama musu har suka manta da ni.

Ina dawowa sai ga maƙwabcina Ernest a kan bencinsa da tabarau a kan hanci. Ticha. Ya bar koyarwa amma koyarwa ba ta bar shi ba. Mutumin da ya miƙe a taron unguwa ya ce hayaƙin akwalata ne ke sa wa kajinsa mura. Akwala. A gaban mai unguwa ya faɗa. Tun ranar ban ƙara masa komai a kan ina kwana ba, shi ma ina kwanan don matarsa Elizabet ce, mace mai kirki da ta haɗu da jarrabawa.

Ya ce, "Maƙwabci, na ji za ka kai mota. Ka gyara ƙofar nan kafin ka je, za su dawo da kai."

Na ce, "Kajinka sun warke?"

Ya cire tabarau ya ce, "Bamanga, tsufa bai rage maka komai ba."

Asabar, da safe

Ina wanka Adda ta zare sakata ta fice. Elizabet ce ta gan ta a bakin kwari, ba takalmi, ta riƙo hannunta suka dawo suna hira kamar daga biki suke. Na yi godiya. Na roƙe ta kada maganar ta je Pantami. Ta ce ita ba za ta kai ba.

Ita.

Adda ba ta da komai. Iska ta fita sha.

Litinin, bayan magariba

Na kai motar wurin dubawa. Da Adda na je, wa zan bar wa ita.

Layi har bakin titi, rana kuma ta buɗe bayan ruwan jiya. Da aka zo kanmu sai aka haɗa ni da wata mai kaki, na ji suna kiranta Lubna. Na ce a raina yau na ga ta kaina, mace za ta duba min Fijo. Amma ta san aiki, wannan ba zan hana ta ba. Ta sa na taka birki, ta duƙa ta duba taya, ta leƙa ƙarƙashi, ta sa na kunna komai na kashe. Tana ta gyaɗa kai. Na fara jin sanyi a ƙirjina.

Sai ta ce Inna ta ɗan sauko. Na zagaya na buɗe wa Adda, na zaunar da ita a gindin wata dalbejiya. Mai kakin ta shiga gidan gaba ta ja ƙofa ta rufe. Ta ja bel, ya kama. Ta ja hannun ƙofa.

Ta sake ja.

'Yan Napep da ke layi suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Baba ya kama ma'aikaciya!"

Na buɗe mata. Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Baba, in wuta ta tashi a motar nan, wanda ke zaune a nan ta ina zai fita?"

Na ce ya sauke gilashi ya zura hannu ta waje.

Ta nemi abin sauke gilashin. Shi ma yana ƙarƙashin katifa.

Ta dube ni, ta dubi gindin dalbejiya. Adda ta tashi tana bin wata akuya tana kiranta da Fulatanci, mayafinta yana jan ƙasa. Mai kakin ta rage murya ta ce, "Akwai wani dalili ne, Baba?"

Na ce babu.

Me zan ce? In tsaya a filin gwamnati, gaban 'yan Napep, in buɗe baki a kan matar da ko sunanta na yanka ban taɓa kira a gaban mutane ba?

Ta ce komai na motar ya yi, ban da wannan. In gyara in dawo.

Talata, bayan la'asar

Ba mu fita ba.

Laraba, bayan la'asar

Ba mu fita ba. Ta ciji hannuna da na tare zaure. Ba da gangan ba.

Alhamis, hantsi

Zaharadeen ya bugo daga Abuja. Wai me zai hana in riƙa ɗaukar mata shatar Napep. Napep, da ba ta da ƙofa ko ɗaya. Wannan ne ya yi jami'a.

Ya ce, "Baba, taurin kai ba zai warkar da Dada ba." Na ce wa ya ce masa ba ta da lafiya. Na ji yana jan hanci. Na kashe, ba na son jin namiji yana haka.

Juma'a, bayan isha'i

Na yi abin da bai kamata direba mai shekaruna ya yi ba. Na ce zan zagaye shingen ta hanyar gonaki. Ban yi lissafin ruwan shekaranjiya ba. Bayan gonakin masara tayoyin baya suka nutse a laka har bodi ya zauna.

Ba kowa. Hadari yana haɗowa ta gabas. Na fita ina tura duwatsu ƙarƙashin taya, sai na ji ƙaurin wani abu, kuloci ne na ƙona garin taka totur. Hayaƙi ya ɗan taso ta ƙasa. Na ɗaga kai na ga Adda a ciki tana jan hannun ƙofa, tana ja, tana ja, tana kallona ta gilashi.

Kuloci ne kawai. Ba wuta ba ce. Amma na zagaya da gudu na buɗe mata. Na taɓa ganin mota ta ci wuta a hanyar Bajoga, da mutane. Ban taɓa ba kowa labarin ba, yau ma ba zan bayar ba.

Wasu manoma ne suka turo mu. Ba mu ga ko saniya ɗaya ba.

Asabar, da azahar

Na ciro ƙarfen da abin gilashin daga ƙarƙashin katifa na kai wa Friday. Bai tambaye ni inda suka fito ba, Allah ya yi masa albarka. Ya ɗaura su, ya sa mai, ƙofa ta koma buɗuwa da yatsa ɗaya.

Da ya gama sai ya buɗe ƙofar baya ya nuna min wani ɗan maɓalli a gefenta, wurin da ƙofa ke haɗuwa da bodi. Ya ce in an tura shi ƙasa, na ciki ba zai iya buɗewa ba, don yara aka yi shi, kuma ba mai kama ka a kai tunda da shi motar ta zo, ga ƙofofin gaba suna aiki. Na ce na san da shi tun kafin a yaye shi. Ya ce, "To Mama ta koma baya mana."

Na ce matata ba fasinja ba ce. Tun ranar da na sayi motar nan a gaba take zama.

Ya ce, "Baba, ni dai bakanike ne."

Hudu kuma da muka haɗu cewa ya yi, "Kai ma da wahalar da kai. Karɓi takardarka, ka dawo gida ka sake cire ƙarfen. Wa zai bi ka Kagarawal?"

Na kwana da maganar Hudu.

Litinin, bayan azahar

Motar ta ci jarrabawa. Mai kakin nan ce dai. Ta shiga, ta rufe, ta buɗe, ta fito. Ta buga hatimi. Amma ba ta sakar min takardar ba, ta riƙe gefe ɗaya ina riƙe da ɗaya.

Ta ce, "Baba, na san hannun da ya cire zai iya sake cirewa. Ni ba zan gani ba. Ka ce min ba za ka cire ba."

Yarinyar da na haifi wadda ta girme ta. Na so in ce mata aikinta hatimi ne, ta buga ta ba ni wuri. Sai na ga hannun Adda a gilashi, ranar laka.

Na ce ba zan cire ba.

Ta ce, "Allah ya ba Inna lafiya." Na karɓi takardata na juya. Amma na faɗa, kuma duk tashar Gombe an san in Bamanga ya faɗa ya faɗa.

Talata, bayan magariba

Na tura maɓallan ƙofofin baya, na sa Adda a baya. Ta shiga lafiya. Muna hawa kwalta ta fara tambaya ina za a kai ta, wa ya sayar da ita. Na ce ni ne, Adda, ga ni. Ba ta ji. Kafin mu kai shinge ta shaƙo wuyan rigata ta baya da hannu biyu. Motar ta yi gefe, saura kaɗan in kwashe mai rake.

Na nuna wa yaron shingen takardata sabuwa fil, ya sara min. Na juyo gida a gabansa.

Laraba, bayan la'asar

Elizabet ta ce bari ta zauna da ita a baya. Adda ta fi ta ƙarfi nesa. Ta tsallake ta ta faɗo gidan gaba, hannunta ya tafi kan ƙofa kai tsaye. Ko layinmu ba mu fita ba.

Ga takarda a aljihu. Ga mota lafiya lau.

Alhamis, da safe

Fauziyya ta ga wuyana, ta ga hannuna. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ran Asabar da yamma zan zo da mota. Ka yi haƙuri. Kullum za ka riƙa zuwa ganinta."

In riƙa zuwa ganinta. Kamar mai zuwa dubiya gidan yari.

Juma'a, bayan la'asar

Mutum ɗaya ne Adda ba ta fi ƙarfinsa ba, ni. Ni kuma ba zan zauna a baya in riƙe sitiyari ba.

Na daɗe a zaure. Na sa takalmi na cire. Daga baya na fita na tsaya gaban bencin.

Na ce, "Ticha, lasinka yana da rai?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Yana da rai. Motar ce na sayar, ba hannun ba."

"Giyar hannu ce. Ta biyu tana gardama, sai ka lallaɓa ta."

"Wace mota ke nan? Akwalar?"

Na juya zan tafi. Wallahi na juya. Ya ce, "Tsaya mana, Bafulatanin nan, kai ba a wasa da kai? Tun ranar da aka dawo da kai nake jira ka tambaya. Elizabet ta ce in na riga ka magana za ka ƙi."

Na ce da na ƙi.

Ya ce, "Gobe bayan la'asar ɗinku."

Asabar, bayan isha'i

Ya zo da takalmi sau ciki kamar mai zuwa coci. Na miƙa masa makulli. Ya kashe motar sau biyu kafin mu fita layi, na cije. Ban taɓa zama a bayan motar nan ba sai yau. Ashe rufin ya yage ta can, ashe haka ƙarar shokozoba take a kunnen fasinja.

Adda tana gefena, na riƙe hannunta. Ba ta yi ihu ba. Ba ta nemi ƙofa ba. Ta zuba wa ƙeyar Ticha ido har muka wuce shinge. Na ce alhamdu lillahi.

Sai ta zare hannunta daga nawa. Ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta da ke wajena. Ta ce, a hankali, yadda ake gaya wa baƙo magana don kada a kunyata shi:

"Malam, matsa can. Maigidana yana ganinka a madubi."

Na ga idon Ticha a madubin. Ya buɗe baki. Na girgiza masa kai.

Na matsa har jikin ƙofa.

Ta sunkuya gaba ta ce masa ya bi a hankali, akwai rami bayan gadar nan, kullum sai ya manta. Ticha ya ce, "To." Ya rage gudu. Akwai ramin kuwa.

Mun samu garken yana tsallaka titi, farare da jajaye, maruƙa a baya. Ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Ta yi dariya. Ta nuna wa mai tuƙi wata mai karyayyen ƙaho ta ce ta kusa haihuwa. Ni ba ta nuna min ba.

Ta cinye tuwonta, ta nemi ƙari. Fauziyya ta iso da motar da ta ce, ta tarar da ita tana barci, ta daɗe a tsaye a bakin ɗaki. Ta tambaye ni yaya aka yi. Na ce Ticha ne ya tuƙa, ni na zauna a baya. Ta ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ta ce to bari mu gani zuwa wani satin. Ta tafi da motarta ba kowa a ciki.

Lahadi, hantsi

Sun tafi coci. Na ba Elizabet saƙo tun da safe, in ya dawo ya huta, la'asar tana yi ya fito.

Ticha ba ya sa hula, kansa kuma sanƙo ne, ni ba ni da sanƙo. Jiya ba ta lura ba. Wata rana za ta lura.

Na aika masa da hulata.